Abin da na koya a rumfar Baba a Farin Gada

Da na gama karatun akanta a Jami'ar Jos, aiki ya ƙi samuwa, sai mahaifina ya haɗa ni da wani amininsa mai dillancin kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Na tafi ina ƙunƙuni. Mai digiri guda zai ƙare a ƙirga kwandunan tumatir?

Baba, haka kowa ke ce masa, bai taso a kasuwa ba. Akawu ne a wani kamfanin haƙar kuza, har zuwa 1985 da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya aka sallame su. Ya koyar a firamare na ɗan lokaci, sannan ya buɗe shagon yadi a kasuwar Terminus. Gobarar 2002 ta cinye shagon ƙurmus. Yana da jikoki lokacin da ya fara koyon bambance kabejin da zai jure tafiyar Legas da wanda zai ruɓe kafin Lakwaja.

Ni a da, mai yawan sauya sana'a ina ɗaukarsa marar alƙibla ne. Amma da na zauna kusa da shi sai na ga duk inda ya je da abu ɗaya yake tafe: wani littafi mai baƙar bango, irin na akawun da. Buhunan dankalin da manomin Bokkos ya kawo, la'adar da aka cire, kuɗin 'yan dako, duk a rubuce, da kwanan wata. Shi ya sa manomi zai sauke kaya da asuba, cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ya juya gida ba tare da ya karɓi sisi ba.

Satina na biyu na yi kuskure. Na ƙi sayar da kwando goma sha biyu don ina jiran farashi ya ɗaga da yamma, kamar yadda lissafina ya nuna. Washegari ruwa na tsiyaya daga ƙasansu. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗaga tumatir ɗaya ya matsa a tafin hannuna, ya ce, "Ɗana, yadi yana jiran mai saye. Wannan ba ya jira." Asarar kuma a kansa ya rubuta, ba a kan manomin ba.

Shafukan ƙarshe na littafin ba na ciniki ba ne. Sunayen yaran 'yan dako ne da yake biya wa kuɗin makaranta, kowanne da ajinsa. Na ga haka ne ranar da ya aike ni in duba wani bashi, na buɗe ta baya.

Na tambaye shi ko iyayen suna biya daga baya. Ya karɓe littafin, ya tura shi cikin aljihun babbar riga, ya ce in je in tari motar Mangu da ta shigo.