Kayan Hajiya, Fuskar 'Yar Mutane

A duk ɗaukar hoton tallan kaya mutum uku ne ke ja, kowa da inda ya nufa. Mai ɗinki so take a ga aikinta har zaren surfanin wuya. Wadda ta sa kayan so take fuskarta ta yi kyau. Na ukun ba ya ma zuwa situdiyo: uba ne, ko yaya, ko saurayin da ya kai kuɗin gaisuwa, wanda wata rana zai ga hoton a wayar wani. Ni da nake riƙe da kyamara a nan Kano, abin da ake biyana in yi shi ne in fito da hoto guda da zai wuce gaban su ukun ba tare da an kira ni da daddare ba.

Bari in fara da kayan, don su ne masu sauƙin sha'ani, ba sa fushi.

Shadda ce ta fi ba ni aiki. Kyanta a sheƙinta yake, kuma zanenta a cikin saƙar yake, launi ɗaya da jikinta. Hajiya za ta je Kantin Kwari ta zuba kuɗi a Gezna ta Ostiriya, a yi mata aiki na gani na faɗa, amma in ka haska fitila daga gaba sai komai ya shafe, ka ga fili fetal ba fure ba ganye. Sai an kai fitilar gefe, hasken ya bi jikin yadin a karkace, sannan zanen yake tasowa. Farar shadda kuwa tana da nata sharrin daban. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara ba ta san fari ko baƙi ba, duk abin da ta gani ƙoƙari take ta mayar da shi ruwan toka. In farar riga ta cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuskar mutum ta nutse, rigar ma ta fito kamar an wanke ta da ruwan rijiya. Shi ya sa ba na barin kyamara ta yanke hukunci. Daga fuska nake auna haske, in saita da hannu, sannan yaron da ke taya ni ya riƙe farin kwali a ƙasan haɓa don ya kore inuwar da ke taruwa a ƙarƙashin ido.

Leshi mai duwatsu ba ya son fitila tsirara, kowane dutse sai ya yi ƙyalli har hoton ya zama hayaniya, dole a tausasa hasken da lema. Atamfa ba ta da rigima, sai dai tana haɗiye fuska in bangon baya ma yana da ado, don haka bango nake ba ta wanda ba komai a jikinsa. Saƙi mai siraran layuka shi kuma yakan rikita kyamara ta haifar da wani zane mai lanƙwasa wanda babu shi a jikin yadin. Matsawa gaba kaɗan ko baya kaɗan yakan kashe shi.

Inda magana take shi ne fata.

"Yaya, don Allah ka ɗan haska ni." Da wuya a tashi daga aiki ban ji wannan ba, wani lokaci daga mai tallan, wani lokaci daga mai ɗinkin, wadda za ta ce kayan sun fi fitowa a jikin fara. Ba gaskiya ba ne, kuma ina da hotunan da zan nuna. Shadda ruwan goro ko ruwan ƙwai a jikin baƙar mace mai sheƙin fata, babu abin da ya kai ta. Abin da ya sa mutane suke ganin baƙi ba ya kyau a hoto yana da tarihi. Shekara da shekaru kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Ke nan fatar da aka gina abin a kanta ba tamu ba ce, kuma iyayenmu sun sha fitowa a hoton kala sai ido da haƙora. Kyamarorin yanzu sun wuce nan nesa ba kusa ba, amma tunanin ya zauna. Baƙar fata ba ƙarin fari take buƙata ba. Haske take so mai faɗi, mai taushi, a kusa da ita, da wani ɗan siriri daga baya da zai raba ta da bango.

Ni dai ga inda na tsaya. In ƙurji ya fito mata a daren jiya, zan goge shi a Photoshop, don ba nata ba ne, baƙo ne. Launinta kuwa ba na taɓawa, haka bille in tana da shi, haka wushirya. Na rasa masu ɗinki saboda wannan, sun koma wajen waɗanda za su mayar da yarinya Balarabiya, fuska sumul babu ko ramin gashi. Allah Ya ba kowa sa'a. Sai dai ina lura da cewa mai sayen kaya ba wawa ba ce: in ta ga an yi wasa da launin fuska, ta san an yi wasa da launin yadin ma, kuma ranar da kaya suka iso ta ga shuɗin ba shi ne na hoto ba, mai ɗinki ce za ta sha surutu.

Rabin wannan faɗan ma da mai kwalliya ake yin sa. Za a zaɓo hoda da ta fi fatar yarinya haske da mataki biyu, a ido ka ga ba laifi, fitila na sauka sai fuska ta yi fari fat, wuya da hannu suna can a launinsu na Allah. Yanzu kafin a sa kayan farko nakan ɗauki gwaji ɗaya in miƙa wa mai kwalliyar kyamara ta gani da idonta. Ba na cewa komai. Masu hankali a cikinsu da kansu suke ɗauko wata hodar.

Mutane suna ɗauka tallan kaya tsayuwa ce kawai da murmushi. Su zo su gani a watan Sha'aban, lokacin da kowace mai ɗinki take son hotunan kayan Sallah su fita kafin azumi, don da an shiga goman tsakiya ta rufe karɓar ɗinki. Kaya jibge a kan kujera, a sa wannan a cire wancan. An ɗauke wuta, janareta ba zai ja fitilu da na'urar sanyaya ɗaki tare ba, dole a zaɓi ɗaya. Hoda na narkewa, ɗaurin ɗankwali ya matse kai har jijiyar goshi ta tashi, takalmi mai tsini kuma aro ne, bai kai ƙafarta ba. A haka ake son ta fito kamar yanzu ta tashi daga hutu. Wadda ta ƙware za ka gane ta tun daga yadda take tsayawa: nauyinta a ƙafar baya, kafaɗa a sake, ta san inda haske yake ba sai an faɗa mata ba, ta san ta wurga mayafi ta bar shi ya sauko da kansa. Sabuwa kuwa matsalarta hannu ne, ba ta san inda za ta kai shi ba. Sai in ba ta abin riƙewa, jaka ko mafici ko bakin gyale. Kuma ba na cewa "yi murmushi", don abin da zai fito yaƙe ne. Ƙawar da ta rako ta nake sawa ta tsaya a bayana ta tsokane ta da wani zancen da su kaɗai suka sani.

Rakiyar nan doka ce a wurina. Ba na ɗaukar mace ita kaɗai, ko da ita ta ce ba komai. Ƙofa a buɗe take. Hannuna ba ya kai wa jikinta ko jikin kayanta. In wuyan riga ya karkace ko gashi ya leƙo ta ƙasan ɗankwali, ƙanwata da muke aiki tare ita ke gyarawa. Ina da gilashin kyamara mai tsawon milimita 85 wanda ke ba ni damar tsayawa nesa in cika hoto da fuska, kuma shi ne ma ya fi yi wa fuska adalci, ba ya kumbura hanci yadda kyamarar waya take yi in an matso da ita. Duk bayan 'yan hotuna nakan juya mata bayan kyamara ta duba. Wanda ta ce a goge, a gabanta nake gogewa.

Maza ba su da wannan dogon sharaɗin, amma suna da nasu. Samarin da ke tallan kaftani sun iya sa hannu a aljihu su kalli gefe, to amma a ba su babbar riga mai aska takwas sai ka ga rigar ce ta sa su. Naɗe hannun riga a kafaɗa fasaha ce, kuma karyar hula ma haka. Akwai wani dattijo mai sayar da huluna da nakan roƙa ya zo ya karya musu zanna ya nuna musu yadda ake tattaro riga. Shi da kansa na fi son ɗauka, in ya yarda.

A waje kuwa, hunturu ne lokacina. Hazo yana tace rana ya bar haske mai laushi wanda duk fitilun situdiyo ba za su ba ka ba, sai dai ka yi ta goge ƙura a gilashi. In ba hazo, daga hantsi zuwa la'asar ba a ɗaukar fuska a Kano, rana tana tsakar ka, ido ya zama rami. Kowa yana son marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, da jikin ginin Gidan Makama, da abin da ya rage na ganuwa. Wuraren suna da kyau, amma marina wurin neman abincin mutane ne. Ana zuwa a gaida manya, a faɗi abin da ya kawo ka, a sayi zane ko a ba da na goro, kuma a tabbata kayan da aka sa wa yarinya na shiga mutane ne. In ka tsallake wannan, kafin ka saita kyamara yara sun yi maka zobe, sannan wani ya fito ya tambaye ka wa ya ba ka izini.

Wanda bai san garin nan ba zai ce tsoro ya yi mana yawa. A 2021 Hukumar Hisbah ta Kano ta sanar da hana teloli da masu shaguna tallan kaya a jikin mutum-mutumi. A ƙarshen shekarar kuma Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18, ta ci gasar sarauniyar kyau ta Najeriya da hijabinta, aka yi ta ce-ce-ku-ce har Hisbah ta ce za ta gayyaci iyayenta. Ita ke nan da ta rufe kanta ruf. To ina ga yarinyar da ba ta da kowa, wadda ta zo ta tsaya a gaban kyamarata don kuɗin makaranta, wani lokacin ma mai ɗinki ba kuɗi za ta ba ta ba, cewa za ta yi ta ɗauki riga ɗaya, ai za ta yi suna? Wannan ma ba na yarda da shi yanzu. A faɗi kuɗinta a gabana kafin a kunna fitila.

Saƙon da ya fi zuwa mini bayan watanni iri ɗaya ne: "Yaya, an sa mini rana, don Allah a sauke hotunana." Nawa shafin ba matsala, a take nake saukewa. Mai ɗinki ce aiki. Wata da na kira a kan haka ta ce, "Haba Malam, ai kuɗina na biya, kuma hoton nan shi ke kawo mini ciniki." Na ce, "Gaskiya ne Hajiya, amma ke ma kina da 'ya'ya mata." Ta yi shiru, sannan ta ce to ita yanzu me za ta sa a madadinsa? Tambayarta tana kan hanya. Muka koma kan hotunan muka yanke su daga haɓa zuwa ƙasa, wasu suka yi, wasu suka lalace don ba da wannan niyyar aka ɗauke su ba. Waɗanda masu sayar da yadi suka riga suka kwafa daga Instagram suka baza a WhatsApp kuwa, babu mai iya dawo da su, kuma na faɗa wa yarinyar haka ƙarara don ta san abin da za ta gaya wa mijin.

Tun daga nan kowace riga kashi biyu nake ɗaukarta, mai fuska da marar fuska. Marar fuskar ba yanke kai kawai ba ne, tsara shi ake yi tun farko: ta juya baya ta waiwayo rabi mayafi ya tare, ko a tsaya a kan hannu mai lalle yana riƙe da bakin zane, ko a ɗauke ta tana tafiya iska na ɗaga gyale. Akwai kuma takarda shafi ɗaya da mu ukun, ni da mai ɗinki da mai fuskar, muke sa wa hannu, da Hausa, wadda ta faɗi inda za a sa hoton, tsawon lokacin da zai zauna, da cewa ranar da mai fuskar ta nemi a sauke, mai ɗinki za ta koma kan kashi na biyu ba tare da jayayya ba. Aikin ya ƙara tsawo, kuɗin ma na ɗan ƙara, kuma har yanzu akwai masu ɗinkin da suke ganin takardar su ce za su yi shawara.