Yaron da ya iya waya ba lallai ya iya kwamfuta ba

Shekarar farko da aka ba ni darasin kwamfuta a wata sakandare wallahi a jikin allo na cinye zango guda. In zana monita da kibod da maus da alli, yara su kwafa, su haddace ma'anar kwamfuta da Turanci kamar hadda, ranar jarrabawa su zubo min ita yadda na ba su. Ni kuma ina ta murna wai aiki na tafiya.

Ranar da aka samu mai a janareta muka shiga ɗakin kwamfuta nan asirina ya tonu. Yarinyar da ta fi kowa maki na ce ta buɗe Microsoft Word, sai ta ɗaga maus sama tana juya shi a iska kamar rimot, wani kuma yana ta dangwala wa gilashin monita yatsa yana jiran ya buɗe irin na wayar babarsa. Yaran nan fa sun fi ni sanin TikTok da WhatsApp, amma danna maus sau biyu da sauri ɗin nan kaɗai sai da ya ci mana darasi biyu, hannu na rawa kibiya na gudu.

Abin da ya tada min hankali JAMB ce, jarrabawar shiga jami'a, tun 2015 ta koma kwamfuta zalla, yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, to yaron da yake tsoron taɓa maus yaushe zai natsu ya karanta tambaya? Daga nan na rage surutu. Na raba su huɗu-huɗu a kan kowace na'ura, kowa minti goma, kuma na hana ɗan ajin da ya iya ya karɓe maus daga hannun wani, sai dai ya faɗa masa da baki. Ni kaina sai da na riƙa sa hannu a aljihu, don da na ga yaro na jinkiri sai in ji kamar in danna masa.

Ctrl da S kuwa, maɓallan da ake dannawa a yi sebin, wato a adana aiki kada ya ɓace, ba ni na koya musu ba, NEPA ce. Wata rana suna tsaka da buga wasiƙa aka ɗauke wuta komai ya tafi, har da mai kuka. Yanzu kafin in buɗe baki wani zai ɗaga murya daga baya, "Malam mun yi sebin!"