Talata: jimlar da ta ƙi tsayawa

Lakca ɗaya muke da ita yau, ta ƙarfe takwas, amma ita ta cinye min yinin kaf. Dokta na shigowa ya ɗauki alli ya rubuta a allo: 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + ... Sannan ya juyo ya ce, "In aka yi ta tarawa ba tsayawa, ina za ta kai?"

Nan take aji ya kaure da musu. Mafi yawa suka ce dole akwai iyakar da ba za ta wuce ba, tunda abin da ake ƙarawa kullum ƙanƙancewa yake yi. Kuma suna da madogara, don makon jiya ya nuna mana cewa 1 + 1/2 + 1/4 + 1/8 + ... ba za ta taɓa haura 2 ba. Wani a layin gaba ya zaro kalkuleta yana ta dannawa. Goma na farko suka ba shi 2.93, ashirin suka ba shi 3.6, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ta fara gajiya, ta kusa tsayawa." Dokta ya ce masa ya ci gaba da dannawa, in ya tsufa ya bar wa jikokinsa wasiyya su ƙarasa.

Da dariya ta lafa, ya ce a ajiye 1 da rabi a gefe. A ɗauki sulusi da rubu'i: babu wanda ya gaza rubu'i a cikinsu, don haka su biyun sun haura rabi. Huɗu na gaba, daga 1/5 zuwa 1/8, babu wanda ya gaza 1/8, su ma a haɗe sun haura rabi. Takwas na gaba, daga 1/9 zuwa 1/16, haka nan. Kowane rukuni ya ninka na bayansa tsawo, amma ko yaya sai ya ba ka rabi, kuma rukunan ba sa ƙarewa. Ke nan duk lambar da ka ambata, komai girmanta, wata rana jimlar za ta tsallake ta. Layi biyar kacal, aji ya yi tsit. Ya ce wani malami Bafaranshe, Nicole Oresme, shi ya kawo wannan hujja tun wajen 1350.

Da rana na shiga laburare na sa kwamfuta ta tara min, don in gani da idona. Kafin jimlar ta haura 10 sai da ta ci lambobi 12,367. Miliyan ɗaya na farko ba su kai ta ko 15 ba, a 14.39 suka tsaya. Kafin ta haura 20 kuwa, ana bukatar sama da miliyan 272. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Da kwamfutar kaɗai zan tambaya, da sai in rantse abin yana da iyaka, don ko ta kwana tana aiki ba za ta nuna min abin da layi biyar ɗin nan suka nuna ba.

Wannan shi ne abin da ba a gaya mana ba kafin mu zaɓi sashen lissafin nan. A sakandare amsa ake nema: ka samu 42, a ba ka maki, a wuce. A nan sau da yawa amsar tana cikin tambayar, aikinka shi ne ka kafa hujjar da ba ta da kafar da wani zai bi ya rushe ta. Har yanzu in na ce wa mutum lissafi nake karantawa sai ya jefo min manyan lambobi ya ce in ninka masa da ka. Bai san littafina ya fi cika da haruffa da jimlolin magana fiye da lambobi ba.

Da yamma muka zauna mu huɗu a kan aikin gida. Tambaya ta uku: a nuna cewa 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 + ... tana da iyaka. Ɗayanmu ya rubuta "a bayyane yake", wata 'yar ajinmu ta karɓe biron ta soke, ta ce ta safe ma ai a bayyane take kafin Dokta ya kunyata mu. Ita ce ta gano hanyar: 1/4 bai kai 1 − 1/2 ba, 1/9 bai kai 1/2 − 1/3 ba, 1/16 bai kai 1/3 − 1/4 ba. In ka jera su ka tara, na tsakiya duk sai su cinye juna, abin da ya rage ba ya wuce 1, in ka haɗa da 1 ɗin farkon jerin, jimlar ba ta wuce 2. Ta burge ni ƙwarai, ko da yake ban gaya mata ba, don dama kanta ya isa girma.

Sanin cewa iyakar tana nan daban, sanin ko nawa ce daban. Wani masanin lissafi, Pietro Mengoli, ya ɗora tambayar a 1650, manyan masana suka yi ta fama, sai a 1735 shahararren masanin lissafi Euler ya bayyana cewa π²/6 ce, wajen 1.645. Abin da ya hana ni sakat ke nan: me ya kawo π, lambar da'ira, cikin jerin da babu da'ira ko ɗaya a cikinsa? Dokta ya taɓa cewa mu jira aji uku, in mun kai darasin da ake kira jerin Fourier za mu gani. Ni dai ban ga alamar zan iya jira ba.

Tambaya ta huɗu ita ce 1 − 1/2 + 1/3 − 1/4 + ..., kuma ranar Alhamis za a karɓi aikin. Ban taɓa ta ba tukuna, don gobe da safe akwai gwajin aljabara.