Oza 5 da sikelin shugaban kwamiti

Daga ƙarshen wannan zangon na ajiye aikin sa-kai a ƙungiyar ƙananan 'yan sikawut ɗinmu. A takarda na rubuta cewa autana ya wuce shekarun Cub Scouts, kuma ba ƙarya na yi ba. Sai dai ku iyayen da muke haɗuwa a garejina ranakun Asabar na watan Janairu, kowa da ƙurar katako a hula, kun san akwai wani dalilin. Gara ku ji shi daga bakina kafin ya iso muku a karkace.

Duk shekara kafin a saki motocin farko, shugaban kwamitinmu yakan karɓi makirufo ya ba da tarihin Pinewood Derby, wato tseren 'yan ƙananan motocin katako da yara ke sassaƙawa a sake su a kan gangara. Yakan ce Don Murphy ne ya ƙirƙiro ta a Manhattan Beach ta jihar Kalifoniya a 1953, saboda ɗansa bai isa shiga tseren Soap Box Derby ba, wanda yaro ke zama a cikin motar da kansa. Sannan ya ce kyawun wasan shi ne kowa abu ɗaya ake ba shi: guntun katako ɗaya, tayoyin roba 4, ƙusoshi 4 da tayoyin ke juyawa a kansu. Tsawo kada ya wuce inci 7, faɗi inci 2¾, nauyi oza 5. Babu inji, babu batir, gangara ce kawai ke jan mota. Duk gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne, akwatin ɗaya ne amma gidajen da ake kai shi ba ɗaya ba ne. Wani uban yana da injin huda da injin yanka a gareji, shi ma ya yi tseren yana yaro. Mu kuwa yawancinmu motar kara da ta gwangwani muka sani, kuma a gidan haya na bene muke, inda ko guduma ka buga sai maƙwabci ya ƙwanƙwasa bango. Don cike wannan giɓin na buɗe garejina.

Abin da na fi jaddada wa yara shi ne wurin da ake sa nauyi. A layin tashi mota tana tsaye ne a karkace, hanci ƙasa, gindi sama. Idan nauyin yana baya, ya fi na gaba tsayi daga ƙasa, saboda haka ya fi shi nisan faɗowa, kuma a daidai inda hanya ke lanƙwasawa ta miƙe, shi ne ke ci gaba da tura motar bayan gabanta ya gama sauka. Shi ya sa za ka ga motoci biyu sun sauko kafaɗa da kafaɗa, sai a shimfiɗaɗɗen wurin ɗaya ta fice. Gwajinmu mai sauƙi ne: a ɗora motar a kan gefen rula, a nemi inda take tsayawa ba ta rinjaya ba. Muna so wurin ya zama kamar inci 1 a gaban ƙusoshin baya, ko ƙasa da haka kaɗan. In aka zaƙe aka kai shi baya sosai, gaban ya yi sakayau, motar ta riƙa rawa tana dukan doron tsakiyar hanya har ta ƙarasa a baya. Dalma ba na barin yara su taɓa ta, guba ce. Ƙarfen tangstin ya fi ta nauyi da kusan kashi 70 cikin 100 a girma ɗaya, ga shi ba ya cin wuri, illa dai yana cin aljihu. Wanda ba shi da hali sai mu rarake katakon mu jera silalla mu liƙe da gam, kuma na ga irin waɗannan motoci sun shiga zagayen ƙarshe.

A nan ne na gano wani lissafi da ya zama abin alfaharina. Silen kwata na Amurka nauyinsa giram 5.67 ne. Kwata 25 ke nan giram 141.75, wato oza 5 cif. Duk mai shakkar sikelinsa, ya tattaro kwata 25 ya ɗora. Da haka nake duba nawa kafin kowane zama.

To, a tseren bara akwai wani yaro ɗan aji 3, mahaifiyarsa 'yar wajen Maraɗi ce, aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, uban ba ya ƙasar. Shi ya zana motarsa, shi ya goge ta da samfefa har yatsunsa suka yi fari, shi ya zauna da magagari yana cire 'yan tsinin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin kan ƙusa, waɗanda ke cin taya daga ciki. Ni zarto kawai na riƙe masa. Daren Juma'a muka auna, sikelina ya nuna 5.0. Da safe a teburin rajista sikelin shugaban kwamiti ya nuna 5.1.

Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, kun sani. Sikelin kicin ne mai tsalle daga 5.0 zuwa 5.1 ba komai a tsakani, kuma katako yana shan laima. Don haka ma ake ajiye teburin gyara a gefe. Mun bar ɗan curin tangstin mai laushi a ƙarƙashin motar musamman don irin haka, da farce ma sai a ɓantare shi. Na ce a ba yaron minti ɗaya. Shugaban ya dubi agogo ya ce an rufe rajista ƙarfe 9, kuma yanzu 9 ta gota. Na tuna masa cewa yaron yana kan layi tun kafin 9, layin ne bai motsa ba. Ya ce doka doka ce, in ya sassauta wa ɗaya sai ya sassauta wa kowa. Na zaro kwata 25 daga aljihu, na ce to a gwada sikelin a gaban jama'a, in ya nuna 5.0 na yi shiru. Ko kallon hannuna bai yi ba. Ya ce sikelin kwamiti shi ne sikeli, kuma ni mai koyarwa ne, ba na cikin masu dubawa. Aka yarda motar ta yi gudun nishaɗi a ƙarshe, ba maki.

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Amma motocin da suka wuce rajista suna jere a teburi, ta ɗansa kuma tana bakin layi, ba sai na taɓa ta ba. Tayoyinta an rarake cikinsu da inji, rubutun da kamfani ke bugawa a ciki duk ya tafi, robar ta yi siriri har haske na ratsa ta. Irin waɗanda ake saya a intanet ne, kuɗinsu ya ninka na akwatin motar gaba ɗaya. Taya mara nauyi ta fi saurin ɗaukar juyi, abin da aka rage mata kuma sai a mayar da shi baya inda yake da amfani. Takardar dokokinmu, wadda shi da kansa ya sa wa hannu ya raba mana, ta hana rage taya ƙarara. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Na ja shi gefe, ban ɗaga murya ba, na faɗa masa abin da na gani. Ya ce shi bai lura ba, surukinsa ne ya taimaka wa yaron, kuma yanzu an riga an rufe dubawa. Agogon da ya fitar da ɗan wata shi ne ya kare ɗansa. Motar ta zo ta biyu, ta tafi gasar gunduma, can masu dubawa ba su san shi ba. Ban bi labarin yadda ta ƙare ba, ban kuma tambaya ba.

Mahaifiyar yaron daga wurin aiki ta wuce kai tsaye, ko gida ba ta je ba. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, na yi iya yina.” Ta ce, “Malam, ai ka yi ƙoƙari, Allah ya saka. Rabon wani ba ya wuce shi.” Yaron kuwa tambaya ɗaya ya yi mini: “Kawu, ba ka ce daidai take ba?” Na ce daidai take. A gudun nishaɗin na'urar auna lokaci tana kunne, na ga lambar da motarsa ta yi, na kuma ga ta masu kofi. Tseren duka bai fi daƙiƙa 3 ba, kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyar ƙyiftawar ido ma ta fi ta tsawo. Da an ƙirga masa, da ya koma gida da wani abu a hannu.

Mako na gaba saƙo ya zagayo da sabon rabon aiki. An gode mini ƙwarai bisa himma, an mayar da ni jera kujeru da sayar da lemo. Sauran 'yan kwamiti uku sun same ni ɗaya bayan ɗaya a wurin ajiye motoci, kowa ya ce ni ke da gaskiya. A zaman kwamiti babu wanda ya buɗe baki. Ba na riƙe su da komai, mutumin shi ke da makullin ɗakin taro kuma shi ya sayi hanyar tseren ta alminiyom da kuɗinsa. Na dai fahimci cewa a aikin sa-kai ma akwai mai gida.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ku tsaya a oza 4.9, ku tafi da abin ciko a aljihu, ƙari a teburi ya fi ragi sauƙi. Ku isa da wuri, a auna muku tun layi bai yi tsawo ba. Garin girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, shi kaɗai dokarmu ta yarda a sa wa taya, kuma a waje ake zuba shi, don in ya taɓa kafet ya zauna ke nan. A gama fenti kwanaki kafin a sa taya, ɗanyen fenti yana kama ta. Ɗaga tayar gaba ɗaya don ta daina taɓa ƙasa yana rage guga, amma ku karanta takardar bana tukuna, wasu wuraren sun hana. Kuma ku bar yaro ya yi motarsa ko da ta fito a karkace. Uban da ya karɓe aikin yakan gane kansa ne ranar tsere, lokacin da ɗansa ke can yana cin biskit bai ma san motarsa ce a layi ba.

Garejina yana nan a buɗe a watan Janairu, ba da sunan ƙungiya ba, da sunana. Dokokin tseren bana kuwa a zaman kwamiti na watan Nuwamba ake rubuta su, kuma kowane uba da kowace uwa suna da damar halarta. Abu biyu ya kamata a nema a rubuce: a gwada sikeli da sanannen nauyi a gaban iyaye kafin a fara, kuma wanda ɗansa ke cikin tsere kada ya duba motar ɗansa. Ranar zaman sai kun tambaya, ba na jin za a aiko muku da ita.