Kuɗin gumin Kawu

Yau Asabar na tashi da murna, domin aikin da Malam ya ba mu a darasin tafiyar da harkar gona ya zo mini a sama. Kowane ɗalibi zai nemi manomi guda, ya rubuta abin da ya kashe a noman rani ɗaya da abin da ya samu, sannan ya fitar da riba ko asara. 'Yan ajinmu suna ta fafutukar neman wanda zai yarda ya buɗe musu cikinsa, ni kuwa ina da Kawu. Na shiga motar Bukuru daga Terminus da ke cikin Jos tun hazo bai washe ba.

Na same shi a lambu yana gyara tiyo a bakin kududdufin nan, ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika, waɗanda masu noman rani a wannan yanki suke dogara da su. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in tambayi duk abin da nake so.

Farkon lissafin ya yi daɗi ƙwarai. Kawu ba ya ajiye littafi, amma babu kwabon da ya ɓace masa, saboda kowace sayayya ya ɗaure ta da wani abu da ya faru: irin kabeji da na karas ya saye su ne a makon sunan jikansa, ɗan Bala, buhunan takin NPK 15:15:15 da yuriya kuma washegarin da aka sallamo Inna daga asibiti. Muka bi maganin feshi, da hayar fili, da kuɗin mota zuwa kasuwar Farin Gada, da na 'yan dako, da la'adar dillali. A kan fetur ya fi daɗewa, domin tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 injin ban ruwa ya zama babban mai cin kuɗi a lambun. Har batun tsufan injin ma, inda ake raba kuɗin sayensa a kan shekarun da ake sa ran zai yi yana aiki, ya karɓa bayan ya tsokane ni da cewa boko ne kaɗai zai ce abin da ke aiki lafiya lau yana cin kuɗi a zaune.

Sai muka iso layin ƙwadago. An koya mana cewa aikin da manomi da iyalinsa suka yi da hannunsu ba kyauta ba ne, dole a yi masa kuɗi daidai da abin da za su samu da a gonar wani suka yi shi. Na ƙirga kwanakinsa da na Bala da na Sani, tun daga yin kwami har zuwa yankan kabeji, na ninka da ladan ɗan ƙwadago na yini, na cire daga abin da ya rage. Ribar da muke kallo ta narke, saura ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne yadda na faɗa masa, da murya irin ta wanda ya gano abin da kowa ya kasa ganowa. Na ce, "Kawu, a gaskiya kusan aikin banza kuke yi."

Ya daɗe bai ce komai ba, yana kallon ruwan da ke bin kwami. Daga baya ya ce, "To ɗana, da wannan furfurar wa zai ɗauke ni ƙwadago? In kuwa ni zan biya kaina, ai daga aljihun dama ne zuwa na hagu." Sannan ya tambaye ni a wane layi na sa kabejin da ake ci a gidansa da gidanmu, da kwandon tumatirin da ya aika gidan makoki a makon jiya. Ban sa su ko'ina ba. Ya miƙe ya kama tiyonsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Da wannan aikin banzan aka biya kuɗin rajistarka ta shekarar farko."

A mota na yi ta kare kaina a zuci, kuma har yanzu ban yarda cewa ƙa'idar ce ta yi kuskure ba. Bala yana iya tuƙa keke Napep a cikin gari ya dawo da kuɗi, saboda haka kwanakinsa a lambu suna da farashi ko mahaifinsa ya so ko bai so ba. Amma da na dawo na buɗe littafina, sai na tarar ƙa'idar da kanta ta fi goyon bayan Kawu a kaina. Ana auna aikin mutum ne da abin da ya bari domin ya yi shi, kuma dattijon da babu mai ɗaukarsa aiki bai bar ladan kowa ba. Abin da aka ci a gida ko aka bayar kyauta shi ma ana yi masa kuɗi da farashin kasuwa a haɗa shi cikin abin da gona ta samar. Na san wannan, har na ja masa layi da jan biro a zangon da ya wuce, amma zumuɗin cirewa ya mantar da ni ƙarawa.

Hafsa 'yar ajinmu ta turo saƙo tana tambayar yadda ake fitar da tsufan injin, na amsa mata a taƙaice.

Ranar Litinin za a karɓi aikin. Na gyara layin abincin gida da ƙiyasi, na bar kwanakin Bala da Sani yadda suke, amma gurbin kwanakin Kawu yana nan babu komai a cikinsa. Na kira shi bayan isha'i don in tambayi yawan kwandunan da aka ci a gida, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba, kuma na san ba ya kwanciya da wuri haka.