Dajin da Lambatu Ke Kashewa

A shekarar 2004 gwamnatin Indonesiya ta ayyana dajin Sebangau, da ke kudancin tsibirin Borniyo, a matsayin gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya haura hekta 500,000, kuma dubban birran orangutan na zaune a cikinsa. Aka shata iyaka, aka kafa alluna, aka zuba ma'aikata. Shekara 11 bayan haka wuta ta ci wani yanki nasa, ta sake dawowa a 2019. Doka ta hana gatari shiga, amma ruwan dajin bai fasa zurarewa ba.

Ƙasar wurin ce ta sa. Ba yashi ba ce, ba laka ba ce. Ganyaye ne da rassa da kututture da suka riƙa faɗawa cikin ruwan fadama shekaru dubbai, ruwan ya hana su ruɓewa sarai, suka taru suka danne juna har kaurinsu ya kai mita 10 a wasu wuraren. Masana na kiranta ƙasar fit. Muddin a jiƙe take, lafiya lau. Ranar da ta bushe ta zama makamashi.

Kafin a killace Sebangau, kamfanonin katako sun yi shekaru suna sara a ciki. Da suka tashi, masu saran ɓoye suka shiga. Su ba su da manyan motoci, sai suka haƙa ƙananan lambatu, wani faɗinsa bai wuce mita ɗaya ko biyu ba, suna jefa gungume a ruwa suna janyo shi zuwa kogi. An kori mutanen, lambatun na nan, dare da rana suna tsiyaye dajin. A maƙwabtaka kuma ga babbar ɓarnar: a 1996 Shugaba Suharto ya fara shirin mayar da hekta miliyan ɗaya ta irin wannan ƙasa gonar shinkafa, aka tona hanyoyin ruwa na sama da kilomita 4,000. Shinkafar ba ta yi ba, don ƙasar tsami gare ta. A 1997 wurin ya kama da wuta, daga baya aka watsar da aikin.

Ina karatu a Malesiya a 2015, lokacin da hayaƙin gobarar Indonesiya ya lulluɓe mu. Da safe idan na leƙa ta taga, benen da ke fuskantarmu sai inuwarsa. Rana ta koma ja, kana iya kallonta ido da ido. Kayan da na shanya su dawo da warin ƙauri, maƙogwaro na ƙaiƙayi, an rufe makarantun yara, mun je sallar Juma'a kowa da takunkumi. Mu ke nan da teku ya raba mu da wutar. Mutanen Palangka Raya, birnin da ke bakin Sebangau, sun yi makonni cikin hayaƙi rawaya. A wannan shekara hekta miliyan 2.6 ta ƙone a Indonesiya, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar a dala biliyan 16.

Wutar fit tamkar wutar ƙaiƙayi take, ta ƙasa take ci. Sama shiru, ƙasa garwashi. Tana cinye saiwa, sai ka ga itace da ɗanyen ganyensa ya kife. Jirgi mai saukar ungulu ya kwarara ruwa, hayaƙi ya lafa, kwana biyu ya ɓullo ta wani gefen. Damina ce kaɗai ke gamawa da ita.

Nan ne nake ganin ake yaudarar kai da kalmar killacewa. Mai gonar kwakwar manja da ke wajen iyaka, idan ya zurfafa lambatunsa, ruwan cikin gandun ma zai bi gangare. Bai taka doka da ƙafarsa ba, amma ya busar da dajin. Wani kuma ba ya ma tsayawa a waje: gandun Tesso Nilo na tsibirin Sumatara, shi ma ɗan 2004, yawancinsa ya koma gonakin kwakwar manja. Abin da ya fi ba ni takaici, itacen nan namu ne na Afirka ta Yamma, a 1848 aka kai shi lambun Bogor da ke Indonesiya. Yau Najeriya na sayo manja daga yankin, yana cikin sabulu da biskit da taliyar yara.

Bayan gobarar, a 2016, Shugaba Joko Widodo ya kafa hukumar farfaɗo da ƙasar fit, aka ɗora mata gyaran hekta miliyan biyu. Doka ta ce kada ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka fiye da santimita 40 daga doron ƙasa. Aikin kansa ba shi da ado: mutanen ƙauye su shiga ruwa iya ƙirji, su kafa turaku a tsakiyar lambatu, su cika tsakani da buhuna da ƙasa, su matsa gaba su sake wani. Wasu masunta na fasa madatsun saboda sun tare wa kwalekwalensu hanya, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda ta nan suke ci. Shi ya sa a wasu wuraren ake barin ƴar kafa a tsakiya da kwalekwale zai wuce. Katakon kuma ruɓewa yake yi, bayan ƴan shekaru sai an nemo kuɗin sabo.