Fentin Ansarun Mahdi: Abin da Buroshi Ya Koya Mini

Sojojin da nake yi wa fenti, tsawon kowane ɗaya milimita 28 ne, bai kai ɗan yatsa ba. A kwali ake sayensu, na roba ko na kuza, a harhaɗa su, a yi musu fenti, sannan a jera su a kan teburi a sake buga wani yaƙi da aka taɓa gwabzawa a tarihi, da tef ɗin awo da dayis irin na ludo. Wasa ne da ya fi ƙarfi a Ingila, kuma birnin Nottingham ne matattarar kamfanonin da ke ƙera waɗannan ƙananan sojoji. Yawancin masu yinsa yaƙe-yaƙen Napoleon ko Yaƙin Duniya na Biyu suke bi. Ni kuwa Sudan na zaɓa, zamanin Muhammad Ahmad wanda ya ayyana kansa Mahdi a 1881.

Ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya karɓi da'awar Mahdin tun yana ƙasar Adamawa, ga kuma alhazanmu da suka daɗe suna ratsa Sudan a ƙafa zuwa Makka. Saboda haka da na ga kamfanin Perry Miniatures yana da kwalin Ansaru, wato mabiyan Mahdin da suka yaƙi sojojin Masar da na Ingila, na shekarun 1881 zuwa 1885, shi na sa aka kawo mini.

Aikin farko babu fenti a cikinsa. Gangar jiki daban take zuwa, hannuwa daban, kawuna daban, duk a maƙale a jikin firam. Sai ka yanke su, ka kankare ɗan layin da injin zubi ya bari da bakin reza, ka liƙa da gam ɗin roba. Wannan layin, in aka bar shi, fenti ba ya rufe shi, fito da shi ma yake yi. Bayan nan sai shafin farko, irin wanda masu fentin mota ke kira firaima, domin fenti ya sami abin kamawa. Na Ansaru ina fesa musu mai ruwan madara, tunda tufafinsu kusan duk masu haske ne.

Tun wajen zaɓen kai tarihi yake shigowa. Mutanen Beja na gabashin Sudan, waɗanda Usman Digna ya jagoranta, a 1884 da yawansu suna da suma mai yawa, da zane ɗaure a ƙugu ko rataye a kafaɗa, da garkuwar fata zagayayya da takobi miƙaƙƙe mai kaifi biyu. Mutanen Kordofan da na bakin Nilu kuwa an fi saninsu da aski da tagiya ko rawani. In ka ɗora kan wannan a jikin wancan, ka haɗa mutumin da bai taɓa tsayawa a filin daga ba.

Inda na fi daɗewa shi ne jibba. Da farko rigar talauci ce, farin saƙi da aka yi wa maho saboda ya yage, alamar gudun duniya irin ta almajiran sufaye. Daga baya, a zamanin Khalifa Abdullahi wanda ya gaji Mahdi a 1885, sai ta koma kamar kayan sarki: tela ne yake ɗinka ta, ya jera mahon a tsare, na dama daidai da na hagu, shuɗi da ja da baƙi, har da ado a bakin aljihu a rigunan amirai. Waɗannan na baya su ne suka fi yawa a gidajen adana kayan tarihi na Turai, domin a ƙarshen yaƙin aka kwashe su, kuma shi ya sa masu fenti da yawa suke sa wa mayaƙan 1884 rigar 1898. Ni nawa mahonsu a warwatse nake yi, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a gefen ciki, wasu ma babu ko ɗaya. Kowace riga ina tsayawa in yi tunanin inda za ta fara yagewa a jikin mai tafiya a ƙasa da mashi a hannu.

Farin tufa ba a fara shi da farin fenti. Ana farawa da ruwan madara, a bi shi da ruwan ƙasa da aka tsinka sosai har ya zama kamar ruwa, ya gangara cikin lungunan ninkin riga ya zauna. In ya bushe sai a dawo da ruwan madarar a kan wuraren da suka taso, a bar inuwar a lungu. Fari tas sai can a ƙarshe, ɗan kaɗan, a kan kafaɗa da saman rawani inda rana ke bugu. Fentin kansa, ni na Vallejo nake amfani da shi, na ruwa ne, kuma sai an tsinka shi ya yi kaurin madarar shanu. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin yana cike fuska da yatsu ya shafe aikin maƙerin.

Fata ita ce abin da babu wanda ya koya mini yadda nake so. Yawancin darussan da ke intanet a kan fatar Bature aka gina su, in an zo kan baƙar fata sai a ce a shafa ruwan ƙasa mai duhu, shi ke nan. Abin yana ɓata mini rai, domin mai fenti zai ɓata yini guda a kan gashin bakin hafsan Ingila, sannan ya tsoma mutum arba'in a launi ɗaya kamar ba mutane ba. Duk wanda ya zauna a cikinmu ya san akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, akwai mai ja-ja. Abin da na gano shi ne, baƙar fata ba a haskaka ta da fari, don fari yana mayar da ita toka-toka kamar ta marar lafiya. Ja ko ruwan makuba ake ɗan ƙara wa ruwan ƙasar, a taɓa goshi da karan hanci da ƙashin kumatu da gwiwar hannu. A lungu kuma ɗigon shuɗi mai duhu ya fi baƙi kyau. Nakan dama launi uku ko huɗu na fata, in rarraba su a cikin runduna guda, in sun tsaya a sahu sai ka ga jama'a ce.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Da hunturu fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ya isa jikin soja. Maganinsa shi ne ka sami roba mai murfi, ka shimfiɗa soso jiƙaƙƙe, ka ɗora takardar da masu kek ke sa wa a tire, a kanta za ka dama fenti, ya yi awanni bai bushe ba. Ƙura kuma sai an kifa kwano a kan waɗanda ba su gama bushewa ba. Buroshi kuwa tsininsa ne abin dubawa, ba ƙanƙantarsa ba. Lamba 1 mai kyakkyawan tsini ya ishe ni kusan komai.

Ɓangaren Ingila ya fi sauri, tunda kayansu iri ɗaya ne, sai in jera goma in bi su da launi ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a nan ma ba jajayen riguna ba ne kamar yadda ake zato. Rundunar raƙuma da ta ratsa hamadar Bayuda don ceto Janar Gordon a Khartum riga ruwan toka ta sa, da wando mai rawaya-rawaya, da shuɗin ƙyalle naɗe a ƙwauri, da bindiga Martini-Henry. Wasu daga cikin Ansarun kuma Remington nake ba su, domin irinta suka kwashe da yawa bayan sun murƙushe rundunar Masar ta Hicks Pasha a Shaykan a Nuwamban 1883.

Ba na buga yaƙin Omdurman na 2 ga Satumban 1898. A safiya ɗaya bindigogin Maxim da igwa suka kashe Ansaru kimanin 10,000, a ɓangaren Kitchener, kwamandan sojojin Ingila da Masar, kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Zuciyata ba ta yarda in mayar da wannan wasa ba. Tamai ta Maris 1884 da Abu Klea ta 17 ga Janairun 1885 nake jerawa, inda mutane masu mashi da takobi suka fasa sahu mai kusurwa huɗu na sojan Ingila. A Abu Klea babbar bindigar Gardner ce ta cije a kusurwar baya ta hagu, Ansaru suka kutsa, raƙuman da ke tsakiyar sahun suka tare musu hanya. A kan teburi, in ka riƙe ɓangaren Ansaru, sai ka fahimci dalilin da ya sa suke fakewa a kwari da bayan duwatsu har sai abokan gaba sun matso, domin kowane inci na fili da za ka ratsa a sarari, da mutanenka kake biyansa.

Tuta ce kaɗai na bar ta ba yadda take ba. Tutocin Ansaru suna ɗauke da sunayen Allah da kalmar shahada, kuma ana sayar da bugaggunsu na takarda da rubutun a jiki. Waɗannan ƙananan abubuwa suna faɗuwa ƙasa, ana ɗaukarsu da kowane irin hannu. Saboda haka launin tutar da layin gefenta kawai nake zanawa, in bar tsakiyar babu rubutu. Haka kuma ba na jera su a falo don ado. In an tashi daga wasa, kowannensu yana da gurbinsa a cikin akwati mai shimfiɗar soso, bayan na shafa musu ruwan kariya marar sheƙi don kada yatsu su goge fentin.